Yadda Ake Gane Ko Direba Ne Ko Mota Ce a Gwajin Neman Gurbi na Formula 1

Masu bin tseren motoci na Formula 1 a Zariya ba su da yawa, amma gardamarsu ta fi yawansu. Idan tseren a Turai ne, gwajin neman gurbi na ranar Asabar, wanda ke tsara inda kowace mota za ta tashi a tseren Lahadi, galibi yakan faɗo wajen ƙarfe uku na rana agogonmu, daidai lokacin da gidajen kallo na Samaru da Sabon Gari suka cika da masu jiran Firimiya. Babu mai gidan kallon da zai sauya tasha saboda mutum uku. Shi ya sa yawancinmu a waya muke ganin sakamako, kuma abin da waya ke kawowa jerin sunaye ne kawai: wane na ɗaya, wane na tara. Da wannan jerin ake yanke wa direba hukunci, alhali shi ne hujja mafi rauni a cikin duk abin da ake da shi.

Duk Bazazzagen da ya taɓa tsayawa kallon sukuwa ya san doki mai kyau yakan rufa wa mahayi asiri, mahayin kirki kuma yakan sha kunya a kan doki maras ƙarfi. To a nan akwai sauƙi guda: kowace ƙungiya motoci biyu take da su, iri ɗaya, da direbobi biyu. A kan wannan za mu gina duk lissafin. Abin da kake buƙata shi ne kalkuletar wayarka, littafin rubutu ko Google Sheets, da ɗan data.

Da farko, san yadda gwajin yake

Tun 2006 ake raba gwajin zango uku: Q1 da Q2 da Q3. A tsarin motoci 20 da aka yi amfani da shi har ƙarshen kakar 2025, Q1 minti 18 ne, a fitar da biyar na baya. Q2 minti 15, a sake fitar da biyar. Q3 minti 12, goman da suka rage su nemi gurbin farko. Ana shiga sabon zango, ana goge lokutan da aka yi a baya. Ma'ana, kowane direba yana iya samun lokuta har uku a rana ɗaya, kuma ba a yanayi ɗaya aka yi su ba.

Me ya sa gwajin ya fi tseren Lahadi daɗin awo? Domin ranar Asabar kowa ɗan mai kaɗan yake ɗauka, kowa sabuwar taya mai laushi yake sakawa, babu dabarar tsayawa canjin taya, babu lallaɓa injin. Zagaye ɗaya ne, iya ƙarfinka iya shagalinka.

Mataki na ɗaya: nemo lokutan, ka ƙyale jerin tashi

Je shafin Formula 1 ko na FIA, hukumar da ke kula da tseren, ka buɗe sakamakon gwajin, wanda yake nuna Q1 da Q2 da Q3 a ginshiƙai daban-daban. Kada ka ɗauki jerin da za a tashi da shi ranar Lahadi, domin hukunci ya riga ya dagula shi. A Beljiyam a 2022 Max Verstappen ne ya fi kowa sauri a gwaji, amma saboda canjin kayan injin aka mayar da shi na 14, Carlos Sainz na Ferrari ya tashi a gaba. A 2024 ma a filin nan na Beljiyam, wato Spa, haka aka yi: Verstappen ya fi kowa, aka ja shi baya gurbi goma, Charles Leclerc na Ferrari ya tsaya a gurbin farko. Wanda ya kalli jerin tashi kawai zai ce Ferrari ce ta fi sauri a ranakun nan biyu.

Mataki na biyu: mayar da komai sakan, sannan kashi cikin ɗari

Lokaci kamar 1:10.270 yana nufin minti ɗaya da sakan 10.270. Haɗa su ya zama 70.270. Yi haka ga kowane lokaci kafin ka taɓa komai, domin kalkuleta ba ta san minti ba.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke tsayawa. Sai su ce, "ai tazarar sakan 0.2 ce." To 0.2 a ina? Tsawon filin Monako kilomita 3.337 ne, na Spa kilomita 7.004. A 2020 Valtteri Bottas ya ɗauki gurbin farko a gajeren zagayen Sakhir na Baharain da sakan 53.377, a shekarar kuma Lewis Hamilton ya ɗauki na Spa da 1:41.252. Idan aka ba ka ratar 0.2 a Sakhir, an bar ka da kashi 0.37 cikin ɗari. Ratar nan dai a Spa kashi 0.20 ce. Kusan ninki biyu kenan, alhali a baki duk "0.2" ake cewa.

Lissafin ba wuya: cire lokacin wanda ya fi sauri daga na ɗayan, raba abin da ya rage da lokacin mai saurin, ka ninka da 100.

Mu gwada da Monako ta 2024. Leclerc ya yi 1:10.270, Oscar Piastri 1:10.424, Sainz 1:10.518, Lando Norris 1:10.542, George Russell 1:10.543, Verstappen 1:10.567, Hamilton 1:10.621. A Ferrari, tsakanin Leclerc da Sainz akwai 0.248. Raba da 70.270, ninka da 100, ka samu kashi 0.35. A McLaren, Piastri ya ba Norris 0.118, wato kashi 0.17. A Mercedes, Russell ya ba Hamilton 0.078, kashi 0.11 kacal. Yanzu dubi jerin: Leclerc na ɗaya, Sainz na uku, gurbi biyu tsakani. Piastri na biyu, Norris na huɗu, gurbi biyu. Russell na biyar, Hamilton na bakwai, gurbi biyu. Jerin ya ce duk ɗaya suke. Lissafi ya ce ratar da ke Ferrari ta ninka ta Mercedes sau uku.

Domin ka san girman abin da kake gani: a Monako a 1988 Ayrton Senna ya ba abokin aikinsa Alain Prost sakan 1.427 a mota iri ɗaya, wato kashi 1.7. Shi ya sa har yau ake maganar zagayen nan. A zamanin yanzu, idan ka ga direba yana ba abokinsa ratar rabin kashi ɗaya mako bayan mako, to kujerar abokin ta fara rawa.

Mataki na uku: zango ɗaya za ka kwatanta

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Kwalta tana ƙara kama taya yayin da motoci suke ta bi. Roba tana mannewa a kan layin da ake bi, ƙura tana gushewa, direbobi suna ƙara sabawa. A filayen cikin gari kamar Monako da Singafo da Baku, inda motocin jama'a suke bi sauran kwanakin shekara, bambancin farkon Q1 da ƙarshen Q3 yana da girma sosai. Saboda haka idan direba ya faɗi a Q1, abokinsa ya kai Q3, kada ka haɗa lokacin wannan na Q1 da na wancan na Q3. Ka zalunci na farkon. Ɗauki zango na ƙarshe da dukansu biyu suka yi gudu a cikinsa. A wancan gwajin na Monako, Sergio Perez, abokin aikin Verstappen a Red Bull, a Q1 ya faɗi, don haka idan za ka auna shi da Verstappen, lokacin Verstappen na Q1 za ka nemo.

Sai dai akwai wani tarko a ciki. Direban da ya san zai wuce Q1 cikin sauƙi ba ya ƙure gudu, wani lokaci ma da tsohuwar taya yake fita, ko ya yi zagaye ɗaya ya koma gareji ya zauna, don ya adana sabuwar taya zuwa Q3. Shi kuwa wanda ke bakin faɗuwa yana ƙona taya biyu ko uku. Kenan ratar da ka samu a Q1 takan nuna ƙasa da ainihin bambancinsu. Ba ka da yadda za ka yi da wannan, illa ka rubuta a gefe cewa daga Q1 ka ɗauko, ka rage yarda da lambar.

Idan tsofaffin shekaru kake tono, ka kula da dokokin lokacin. Daga 2006 zuwa 2009 ana shiga Q3 da man da za a fara tsere da shi, kuma kowace mota da nata nauyin. An saba ƙiyasta cewa kilo 10 na mai yana cin kusan sakan 0.3 a zagaye, don haka a shekarun nan Q2 ya fi faɗin gaskiya. Daga 2014 zuwa 2021 kuma, goman farko da tayar da suka yi Q2 suke fara tsere, shi ya sa manyan ƙungiyoyi sukan yi Q2 da taya mai matsakaicin tauri. A nan kuma Q2 ɗin ne ba abin dogaro ba.

Mataki na huɗu: tankaɗe

Ba kowace Asabar ce take shiga lissafi ba. Kafin ka rubuta lamba, karanta rahoton gwajin ko ka kalli taƙaitaccen bidiyonsa, ka tambayi kanka: dukansu biyu sun samu zagaye mai tsafta kuwa?

Ruwan sama shi ne babban mai ɓata lissafi. A Birazil a 2022 Kevin Magnussen ya ɗauki gurbin farko da motar Haas: ya fita da wuri, ya yi zagayensa, Russell ya kauce hanya aka ɗaga jar tuta ta tsayar da gwaji, ruwa ya sauko, babu wanda ya sake iya yin sauri. Abin murna ne, amma bai nuna Haas ta fi kowa gudu ba. Ni dai ranakun ruwa shafi daban nake ba su. Ba na zubar da su, domin nan ake ganin mai hannu, kamar yadda Russell ya kai motar Williams gurbi na biyu a Spa a 2021. Amma ratar ruwa takan kai sakan guda ko biyu, kuma idan ta shiga cikin sauran sai ta rinjaye su duka.

Sai jar tuta ta haɗari. A Monako a 2021 Leclerc yana kan gaba ya daki katanga a ƙarshen Q3, aka tsayar da gwaji, waɗanda suke tsakiyar zagayensu na ƙarshe suka yi asara. Sai goge lokaci saboda fita daga layi: a Ostiriya a 2023 sau uku aka goge wa Perez lokaci a Q2, ya ƙare na 15. Laifinsa ne, babu shakka, don haka a ƙirgen wa ya doke wa ya sha kaye. Amma lokacin da ya rage masa a takarda ba shi ne saurinsa ba, kada ka saka shi a lissafin kashi.

Akwai kuma fakewa bayan wata mota. A filaye masu doguwar miƙaƙƙiyar hanya, motar da ke gaba tana keta iska, ta bayanta ta samu sauƙi. A Monza a 2019 abin ya kai ga ban dariya: a ƙarshen Q3 kowa ya ƙi shiga gaba, suka yi ta jan ƙafa har lokaci ya ƙare, Sainz da Leclerc ne kaɗai suka tsallake layi kafin a rufe. Wasu ƙungiyoyin ma da gangan suke sa direba ɗaya ya ja wa ɗayan iska, musamman idan mai jan yana da hukuncin komawa baya.

Na ƙarshe a tankaɗen, kuma wanda ba ya fitowa a takardar sakamako: shin motocin iri ɗaya ne a ranar? A Ostiriya a 2023 McLaren ta kawo sababbin kaya, amma motar Norris kaɗai aka saka wa, Piastri sai a Silverstone ya samu nasa. Norris ya zo na huɗu, Piastri bai kai Q3 ba. Wannan ranar ba ta auna direbobi ba, tsohuwar mota da sabuwa ta auna.

Gwajin gajeren tsere, wanda ake yi a wasu makonni ban da babban tseren Lahadi, shi ma ware shi. Zangunansa minti 12 da 10 da 8 ne, kuma doka ce ke zaɓa wa kowa irin tayar da zai saka.

Mataki na biyar: ɗauki lambar tsakiya

Ka tara lambobin kakar, kullum da tsari ɗaya: direba na farko a cire na biyu. Idan na farkon ne ya yi sauri lambar ta zo da alamar ragi, idan na biyun ne ta zo babu. Kada ka sauya tsarin a tsakiya.

Yanzu kada ka haɗa su ka raba. Mu ƙaddara ratar wasu direbobi biyu a gwaji biyar ita ce 0.10, 0.12, 0.15, 0.18 da 1.90, ta ƙarshen saboda cunkoso ya tare ɗayan a hanya. Idan ka haɗa ka raba biyar, 0.49 za ka samu, lambar da ba ta yi kama da ko ɗaya daga cikin ranakun ba. Jera su daga ƙarama zuwa babba ka ɗauki ta tsakiya: 0.15. Ita ce ta yi kama da abin da ido yake gani kowace Asabar. Idan adadin lambobin ya rabu biyu daidai, haɗa biyun tsakiya ka raba biyu. A Google Sheets umarnin MEDIAN yana yi maka wannan.

Ƙirgen wa ya doke wa kuma fa? Riƙe shi, amma a matsayin ɗan rakiya. A 2024 Russell ya doke Hamilton 19 da 5 a gwaji. Kwanan baya a teburin mai shayi a unguwar Kongo ta Zariya wani ɗalibi ya ɗaga waya yana nuna wa wani dattijon makanike wannan lambar, yana cewa, "Baba, ka gani ko? Mutuminka ya ƙare." Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yaro, na ji an doke shi. Da nawa aka doke shi?" Ɗalibin ya yi ta latsa waya bai samu amsa ba. Tambayar Baba ita ce daidai. Wanda ya yi nasara da sakan 0.078 da wanda ya yi da sakan guda, ƙirge maki ɗaya yake ba kowannensu. A Kanada a 2024 Russell da Verstappen lokaci ɗaya suka yi, 1:12.000, aka ba Russell gurbin farko don shi ya riga yi. A Jerez ta Sifen a 1997 ma mutum uku ne, Jacques Villeneuve da Michael Schumacher da Heinz-Harald Frentzen, duk 1:21.072.

Mataki na shida: auna ƙungiyoyi

A nan abin da kake nema shi ne iyakar abin da motar za ta iya, don haka ɗauki lokaci mafi sauri da kowace ƙungiya ta yi a ranar, ko wane direba ne ya yi shi. Kada ka haɗa na direbobin biyu ka raba, domin rauni na direba ɗaya zai shafa wa motar baƙin jini. Ka ba mafi saurin ranar 100, sauran su biyo. A Monako ta 2024: Ferrari 100, McLaren 100.22, Mercedes 100.39, Red Bull 100.42.

Ƙungiyoyin baya suna da matsala, tunda a Q1 suke tsayawa. Idan ka auna su da lokacin gurbin farko, ka ƙara musu nisa, domin kwalta ta gyaru bayan fitarsu. Idan ka auna su da mafi saurin Q1, ka rage musu nisa, domin manya ba su ƙure ba. Ni na fi son na farkon, saboda ba ya canzawa, amma idan ina son sanin wace ce ta fi tsakanin ƙananan, sai in kwatanta su da junansu a Q1 kaɗai. Ko wanne ka zaɓa, tsaya a kansa har ƙarshen kaka.

Daga nan raba filayen gida-gida, nan ne daɗin yake. Monza da Spa suna son mota mai keta iska da ƙarfin injin. Monako da Singafo da Hangari suna son mai iya ƙananan kwanoni. Silverstone da Suzuka kwanoni masu gudu ne. Birnin Meziko yana sama da mita 2,200 daga teku, iska ba ta da kauri, komai yakan sauya. A 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, amma a Singafo motocinta biyu a Q2 suka faɗi, Sainz ya ɗauki gurbin farko ya kuma ci tseren. Lamba ɗaya ta kaka ba za ta nuna maka wannan ramin ba. Rabawa gida-gida ce za ta nuna, har ta ba ka damar hasashen inda wata ƙungiya za ta wahala kafin a je.

Abin da lissafin ba zai faɗa maka ba

Duk abin da ka samu a matakin direbobi, tsakanin mutum biyu ne kawai. A 2020 Verstappen ya doke Alexander Albon 17 da 0 a Red Bull, aka sauke Albon. A 2023 Albon ɗin nan ya doke Logan Sargeant 22 da 0 a Williams. Mutum ɗaya ne. Pierre Gasly ma an sauke shi daga Red Bull a tsakiyar 2019, shekara ta zagayo ya ci tseren Monza da motar AlphaTauri. Saboda haka idan lambar direba ta yi kyau, tambayi waye a ɗaya garejin. Idan ta yi muni, tambayi ko motar an gina ta ne a kan salon tuƙin abokinsa. Akwai masu ɗinka sarƙa, su ce wane ya doke wane, shi kuma ya doke wane, don haka na farko ya fi na uku da kaza. Ina kallon irin wannan don nishaɗi, amma ba na rantsuwa a kansa, domin shekaru sun bambanta, motoci sun bambanta, sabon shiga na bana kuma ba shi ne na baɗi ba.

Kada kuma ka yi gaggawa. Gwaji uku ko huɗu ba su isa hukunci ba, musamman ga wanda ya sauya ƙungiya. Bari a kai kusan rabin kaka, sannan ka raba lambobin biyu, na farkon kaka da na baya, ka ga ko ratar tana raguwa ko tana ƙaruwa.

Idan kana da tsohon jadawali na 2025 zuwa baya, buɗe sabon shafi don 2026. Dokokin injin da na jikin mota sun sauya gaba ɗaya, an cire DRS, wato fiffiken baya da ake buɗewa don ƙara gudu, Audi ta karɓi Sauber, Cadillac ta shigo ta zama ƙungiya ta 11. Motoci 22 kenan, ana fitar da shida a Q1 da shida a Q2, don haka kaiwa Q3 ya ƙara wuya, cunkoson Q1 a gajerun filaye kamar Monako kuma zai ƙara yawan ranakun da za ka tankaɗe.